Ranar Da 'Yata Ta Fari Take Naƙuda

Shekarun baya, tun gwiwoyin nan nawa ba su fara yi min gardama ba, na yi aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a unguwar Kongo, Zariya. Ban yi boko ba, amma tuwona babu ɗalibar da ta taɓa tsintar gudaji a ciki.

Mu biyu ne a kan murhu, ni da abokiyar aikina, wata Bayarabiya Kirista da muke kira Madam. Ita ƙarfe bakwai tana bakin aiki, gaisuwarta "Sannu Mama", shi ke nan. Ni kuwa tun daga Ƙofar Galadima nake tafe ina gaishe-gaishe, in an yi rasuwa ko suna a unguwa dole in leƙa. Takan ce, "Mama, ke duk Zariya danginki ne?" Ni kuma in ce a raina, matar nan agogo ta haɗiye. Har shugabar kicin ta ja min kunne: in na sake fashi, in nemi wani aikin.

Ran nan naƙuda ta yi wa 'yata ta fari tsanani, aka kai ta asibiti. Mu a wajenmu uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Na yafa gyale na tafi aiki, har na riga kowa. Sai ga shi na zuba wa miya gishiri sau biyu.

Abokiyar tawa ta karɓe ludayin. "Mama, lafiya?"

Na ce, "Wata yarinya ce a gidanmu take naƙuda."

"Wace yarinya? Wadda kika haifa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta dafe ƙirji. "Kina zuwa sunan maƙwabta, taki na asibiti kina nan kina ɓata min miya?"

"Da kunya, Madam. Kuma in na tafi, an kore ni."

Ta ɗauko gyalena ta yafa min da hannunta. "Bar min kunyar nan tare da tukunya. Ni na kore ki yau. Mai tambaya ya zo wurina."

Na isa ana shirin shiga da yarinyar tiyata. Ta kama hannuna ta ce, "Inna, ashe za ki zo?" Allah ya sauke ta lafiya.

Madam ita kaɗai ta ciyar da makarantar ranar, ta tsaya gaban shugaba ta sha faɗan da ni ya kamata in sha.

A da na ɗauka mai gajeriyar gaisuwa bai damu da mutane ba. Ta koma garinsu tuntuni, ban san ko tana raye ba. Ni dai har yau ba na tashi daga kan sallaya ban roƙa mata alheri ba.