Miya Babu Tuwo

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina yi wa wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Makarfi tafinta. Wata Juma'a ya gayyaci mahaifina ya ɗanɗana abincin garinsu, can kudancin Faransa. Hankalina ya tashi, don Baba bai iya ɓoye raini ba, ni kuwa aikina nake ji.

Ina kallo mutumin ya yayyanka yalo, tumatir, albasa da tattasai manya-manya, ko niƙawa bai yi ba, ya dafa su da man zaitun da tafarnuwa. Ba nama, ba daddawa. Ya ajiye kwano yana murmushi. Baba ya naɗe hannu yana jiran tuwo. Da ƙyar na raɗa masa, "Baba, abincin ke nan fa."

Ya ɗan taɓa, muka yi sallama, muka koma gida Gazara.

Washegari ya kira ni, ya nuna buhun dawa. "Kai wa bawan Allahn nan. Kana cin albashinsa, yana kwana da miya zalla, ka kasa faɗa mini?"