Zoben da Na Yi wa Lemun Baba

A zamanin Turawa, malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, ya ba Baba dashen lemun zaƙi guda ɗaya. Baba ya dasa shi a lambunmu na Wagini, bakin rijiya, ya yi shekaru yana shayar da shi da guga. Da ya fara fure, sai 'ya'yan su kai girman gujiya su zube. A lokacin idon Baba ya soma rauni, ba shi da burin da ya wuce ya ga lemun nan ya nuna a kan reshe.

Ni ya aika garin Safana in tambayo malamin. Ina da aure har da ɗa, amma kunnen ƙashi gare ni. Malamin ya ce kowane ɗan lemu akwai wani sinadari a cikinsa mai kiran abinci daga ganye, wanda kiransa ya yi rauni shi ke faɗuwa. In an zagaye ɓawon reshe da wuƙa, abincin ba ya gangarawa saiwa, sai ya tsaya wa 'ya'yan.

"Reshe guda, ka ji ko? Siriri kamar zare," in ji shi.

Na ce na ji. A hanya na yi nawa wayon: me zai sa reshe ɗaya ya ƙoshi sauran su zauna da yunwa? Na je gindin bishiyar na ɓare ɓawo faɗin yatsu biyu, na zagaye shi kaf, na shafe wurin da laka. Ban faɗa wa kowa ba, so nake sai lemun ya nuna in faɗa a yaba mini.

An kuwa yaba bishiyar. Shekarar nan rassa har rinjaya suke. Amma kafin lemun ya yi launi ganye ya yi rawaya, ya kakkaɓe, 'ya'yan suka yanƙwane ɗanyu. Na kashe saiwar da yunwa.

Maƙwabta suka taru jaje. Baba ya durƙusa yana laluba gindin, lakar ta ɓantare a hannunsa. Ina kallon yatsansa yana bin yankan har ya zagayo.

"Malam, mi ya same shi?" wani dattijo ya tambayi Baba.

"Akuya ce ta gwaguye shi," in ji Baba.

Tun yana yaro yake kiwo, ya san haƙorin akuya ba ya yanka a miƙe. Ya miƙo mini hannu in tashe shi, na tashe shi. Har ya rasu bai tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa iya roƙonsa ya yafe mini ba. Kunyar tana nan har yau.