Kazar Ƙauye da Turaren Dodo

A gidanmu na bakin ruwa, ƙasa da Yelwa, ba a fara tatsuniya sai an hura wutar bandar kifi. Kakarmu Inna Kulu takan zauna tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta matar da wani tsoho ya ba turaren korar dodon ruwa, ya ce kada ta ƙona sai ranar da dodon ya fito. Ita kuwa don tsoro, kullum magariba sai ta barbaɗa kaɗan a wuta. Dodo na shaƙa daga nesa. Da fari yana tari, daga baya ko atishawa babu. Ranar da ya fito da gaske ta juye turaren duka, gogan ya zauna ya sha ɗumi, ya ɗauke mata ɗa.

"Kun jiya ko?" in ji Inna. "Magani in ya zan tuwon kullum, ya bar magani." Mu dai dariyar dodo mai jin ɗumi muke yi.

Bara 'yata Hauwa ta kwanta da gudawa da zazzaɓi bayan mun ci kaza. Allura, ƙwaya, duk a banza, yarinya ta zube kamar tsumma. Likita ya ce ƙwayar cutar ta saba da magungunan, kuma irinta kan biyo naman kaji. Na ce ina! Ni da ba na kallon kajin gidan gona saboda maganin da ake ɗura musu? Kazar ƙauye na zaɓa da hannuna.

Na koma kasuwa raina a ɓace, wallahi ga abin da na tarar. Mai fige kaji na tsoma ta ƙauye da ta gona a baho ɗaya, wuƙa ɗaya, katako ɗaya. Matar da ta sayar mini kuwa har da alfahari, wai kajinta ba sa ciwo, don kullum tana fasa musu kafson kashe ƙwayar cuta a ruwan sha. Innalillahi! Turaren nan na tatsuniyar Inna ne sak.

Da ƙyar aka samu allurar da ta kama, likita ya ce bayanta ba su da wata. Da Hauwa ta soma zama, ta ce in yi mata tatsuniya, na ɗauko ta dodon. Da na zo wurin shan ɗumi ta ƙyalƙyale da dariya. Ni na kasa.