Zaren da Goggo Ta Ƙi Yankewa

Shekaranjiya 'yata ta zo tana kuka, wai rigar saƙarta ta ɗangale mata. Rigar nan ita kaɗai ta rage mana daga hannun Goggo, ƙanwar mahaifina. Ni ban iya lallashi ba. Na ce, "Ki ba wata, ai kin girma."

Goggo ta saƙa ta ne a bazarar da ƙurajen zafi suka hana yarinyar sa kaya. Lokacin idon Goggo ya riga ya tafi. Ina zaune gabanta a gindin mangwaro a Majidaɗi, ta jawo yarinyar ta shafa kafaɗunta da tafin hannu, awon ke nan. Kwarashi na shiga yana fita, farin zare na bin yatsunta masu ƙanshin man shanu, ƙofofin shan iska suna jeruwa daidai, alhali ko ɗaya ba ta gani. Da ta gama na miƙa mata reza, ta ture hannuna.

"Ajiye, ɗana. Ba na yanke zare a rigar yaro. Ba haka zai tsaya ba."

Ban gane ba sai jiya, da matata ta juya bakin rigar. Ga ragowar zaren nan a naɗe ciki, yana jira. Tsohuwar da ba ta gani ta hango tsayin da ba za ta riska ba.

Matata ta ƙara saƙar, yau yarinyar ta fita da rigar.

Allah ya yalwata miki makwanci, Goggo, kamar yadda kika bar wa jikarki wurin girma.