Kitsen Ƙoda a Bayan Inji

Har gobe ban manta da ranar da Baba ya fara taka ƙofar garejina ba, kuma ba ziyara ce ta kawo shi ba.

Mu Rundawa ne, wato mahauta. Kakana mahauci, Baba mahauci, yayyena duk suna riƙe da wuƙa a kasuwar Talata Mafara. Ni kaɗai na karkace na bi kanikanci. Baba bai zage ni ba, bai kuma hana ni ba, shiru kawai ya yi mini. In aka tambaye shi 'ya'yansa sai ya lissafa masu fawa, in ya zo kaina ya ce, "Sai Sani, yana can wurin baƙin mai." Na gama koyo, maigidana ya sallame ni, na buɗe nawa wurin a bakin hanyar Bakura, na yi aure har da 'ya'ya, amma bai taɓa leƙowa ba. Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa masa ba.

Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara. Wani tsohon abokin cinikin Baba a Maradun zai yi walimar saukar karatun 'ya'yansa, Baba ya yi masa alkawarin naman shanu biyu kafin azahar. Aka yi yanka da asuba, aka loda a wata tsohuwar a-kori-kura ta haya. Ko fita gari ba su yi ba inji ya ɗau zafi, ruwa yana tsiyaya ta bayansa. Direban ya zura sifana zai ƙara ɗaure wurin, kan wani bol ya ɓalle a hannunsa. Motocin kaya duk sun tafi cin kasuwannin ƙauye, babu wadda za a sauya. Garejin da ya fi kusa aka turo ta, shi ne nawa.

Bari in yi bayani don wanda ba bakanike ba. A bayan injin akwai wani ɗan murfi inda bututun ruwa yake shiga, bol biyu ne suke riƙe da shi. Tsakaninsa da jikin mota da ƙyar tafin hannu yake wucewa, ido kuwa ba ya kaiwa sai da madubi. Ga shi shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura wa motar, tsatsa ta haɗe bol da inji sun zama abu ɗaya. Injin huda ƙarfe ba zai shiga wurin ba. A ƙa'ida sai an sauke kan injin gaba ɗaya, aikin wuni guda ke nan. Nama kuwa a wannan rana ba ya jiran kowa, tuni ƙudaje sun fara kewaya buhunan da aka rufe shi da su.

Baba da kansa ya biyo motar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, idonsa na kan naman. Ya ce, "Ban taɓa saɓa ma mutumen ga ba. Tana tashi ko ba ta tashi?"

Na ce, "Da yardar Allah, Baba."

Na kira maƙwabcina Malam Isa mai walda, mutumin Morai. Na kwance ɗayan bol ɗin na cire murfin, sai ga guntun da ya karye ya ɗan leƙo, bai fi tsawon farce ba. Dabarar ita ce a ɗora noti a kan guntun a liƙe su da walda, don sifana ta sami abin kamawa. Na riƙe masa fasasshen madubi, ya liƙa. Ina murɗawa notin ya ɓalle, ya kuma ɗebe wani abu daga guntun. In ya sake ɓallewa babu sauran abin da za a kama.

Malam Isa ya sake liƙa wani. Wannan karon ban taɓa shi ba. Maigidana ya koya mini cewa in ƙarfe yana da zafi ka goga masa kyandir, zai narke ya bi zaren bol ɗin ya ratsa tsatsar. Aka duba ko'ina babu kyandir. Sai idona ya faɗa kan bayan motar.

Na ce, "Baba, kitse nika so. Na ƙoda."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yunwa kaka ji, ko mi?"

Da na yi masa bayani sai ya ɗaga buhu ya yanko mini fari tas, irin wanda ba ya sayar wa kowa sai na hannu. Na soka a bakin sukundireba na zura, ya zame ya faɗi ƙasa. Na sake, ya sake faɗuwa, ga ƙarfen yana hucewa.

Baba ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Kauce. Gwada min wurin." Ya zaro doguwar wuƙarsa ta fawa, wadda ko yayyena ba sa taɓawa, ya tsire kitsen a tsininta. Na miƙa masa madubi ya ture. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana laluben cikin saniya ba ya buƙatar gani. Sai muka ji cuuu, ƙamshi ya cika garejin. Malam Isa ya ce, "Alhaji, saura yaji da albasa!" Baba ya yi dariya. Ban san rabon da in ji dariyarsa kusa da ni haka ba.

Na sa sifana. Na ɗan murɗa gaba, na dawo da shi baya, na sake gaba. Kafaɗarsa tana gogar tawa, yana ƙara kitse duk lokacin da na ce ya ƙara.

Ya ce, "Don mi kaka maishe shi baya?"

Na ce, "In na matsa mai gaba ɗai, karyewa za ya yi. Sai tsatsar ta samu wurin hita."

Ya ce, "Ashe." Tambayar farko ke nan da ya taɓa yi mini a kan sana'ata, kuma na ji daɗinta fiye da yadda zan iya faɗa.

Can sai bol ɗin ya yi ɗan ƙara, ya saki. Na fito da shi da yatsu, baƙi ƙirin yana naso. Na sa sabo, na mayar da murfin, aka cika ruwa, mota ta tashi babu ɗigo. Muka wanke hannu a roba ɗaya, nawa da baƙin mai, nasa ma yau da baƙin mai. Ya ɗaga kai ya dubi dogonyaron da ke tsakiyar garejin ya ce, "Wurin ga naka da inuwa. Ran da na aje wuƙa, nan zan riƙa wuni in ga aiki." Naman ya isa Maradun lafiya kafin a kira salla.

A satin nan na sa kafinta ya yi mini kujera mai majingina, na ajiye a gindin dogonyaron. Baba bai ajiye wuƙa ba. Da damina ta kewayo ya dawo daga kasuwa da zazzaɓi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa zama a kan kujerar ba.

Ku da kuke koyon kanikanci a wurina, abin da na ɗauka a ranar shi ne bol ɗin da ya ƙi fita ba ƙarfi yake so ba, zafi yake so da maiƙo da haƙuri. Na kuma gane cewa aikinmu a ɓoye yake, a lungun da ido ba ya kaiwa, shi ya sa mutanenmu ba su san abin da hannunmu yake yi ba sai sun zura nasu. In tsohon ɗayanku ya leƙo garejin nan, kada ku ce masa ya koma gefe kar ya ɓata riga. Ku ba shi wani abu ya riƙe muku.

Kujerar tana nan, masu mota suna zama ban hana su ba. Amma har yau, duk sanda wani taurin bol ya saki a hannuna, sai na ɗago kai na dubi wajen, ko zan ga wanda nake so ya gani.