Mai Ɗurin Harsashin Sidi Abdulghaffar

A takardar iƙamarsa, wato izinin zama a Saudiyya, an rubuta cewa Na'ibi mai shara ne. Shekara goma sha biyar ya yi a Jidda bai share ko zaure ɗaya ba.

Ɗan maƙeran Gadarif ne, cikin Hausawan Sudan ɗin nan da kakanninsu suka taso don hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya. Wurin ubansa ya koyi gyaran bindigogin mafarauta da ɗurin harsashi. A 1956 ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya ƙarasa hajjin da kakansa ya fara, sannan ya nemi gefen bango a unguwar Bab Makka yana liƙin buta da gyaran risho. Ya auri Barakatu, haifaffiyar Jidda, mai takardar zama 'yar ƙasa, suka sami 'ya ɗaya, Mastura. Shi kam ba shi da takardar komai, sai da Sidi Abdulghaffar ya tsaya a kansa wata rana.

Sidi attajirin yadi ne. Ya sayi wata ƙaramar bindiga hannun wani matuƙin jirgin ruwa, 'yar guntuwa mai gajeren hanci, da za ta ɓace a tafin hannu. Ba ta da lasisi, kuma ba a sayar da harsashi irin nata a garin. Abokin gaba ma Sidi ba shi da shi. Ƙarƙashin matashin kantinsa yake ajiye ta, ya bar gindinta ya ɗan leƙo idan fatake sun zo ciniki. Ya zama kafilin Na'ibi, wato wanda sa hannunsa ke riƙe baƙo a ƙasar, Na'ibi kuma ya zama mai ciyar da bindigar.

Aikin ba mai yawa ba ne, amma ba ya ƙarewa. Laimar Jidda da gishirin teku ba sa barin albarushi ya daɗe da lafiya. Duk bayan wata uku Na'ibi yakan rufe ƙofar ɗakinsa, ya kwance harsasan, ya goge kwansunan tagulla, ya auna sabon albarushi a ɗan sikelin maƙeran zinariya, ya rufe bakin kowanne da dalma. Ya gane cewa gajeren hanci halinsa daban. Ɗurin da doguwar bindiga za ta cinye lami lafiya, wannan sai ta tofar da rabinsa waje da wuta da hayaniya. Ya yi ta ragi da ƙari har ya san cikinta fiye da nasa.

Ubansa ya bar masa doka ɗaya: wanda ya ɗura shi ke fara harbawa. Sidi ya yaba da wannan ƙwarai.

"Ku Takari kuna da al'adu masu kyau, ya Hajji," in ji shi.

Saboda haka ranar Juma'a bayan La'asar sukan fita bayan gari ta hanyar Makka. Sidi ya tsaya bayan mota ya toshe kunnuwa, Na'ibi ya harba ɗaya cikin rairayi, ya tsuguna ya nemo kwanson, domin da shi za a sake ɗuri.

Kwansunan nan ashirin ne suka zo da bindigar. A 1971 saura tara, su ma duk sun gaji.

"Sidi, tagulla tana tsufa kamar mutum. Dubi bakin wannan, ya fara tsagewa. A sa wani ya zo da sababbi daga Bairut."

"Ni ma na tsufa, an jefar da ni? Yalla, ya Hajji, ɗura. Hannunka akwai albarka."

Ya ɗura. Ranar Juma'a kwanson ya fashe a cikin bindigar, ya tafi da babban yatsansa na dama da rabin manuni. Sidi ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannun, ya kuma yi amfani da tafiyar asibiti wajen koya masa abin da ya faru.

"Risho ne ya fashe. Ka ji? Risho."

Haka aka rubuta. Sidi bai yi rowa ba. Ya aiko da tiren shinkafa da nama har sau biyu, da turmin yadi ga Barakatu. Kafin raunin ya warke, Hamad ɗan Sidi ya dawo daga tafiya da sabuwar bindiga da kwalin harsasai na kamfani, ashe hanyar Bairut ba ta taɓa rufewa ba. Wata huɗu bayan haka iƙamar Na'ibi ta ƙare, ba wanda ya aiko a karɓe ta don sabuntawa.

"Abu Mastura, tashi mu je," in ji Barakatu. "Kai kana jiran kunya ta kama Sidi? Wallahi tun ina yarinya na san gidan, ko akuyarsu ba ta da ita."

Suka same shi a kanti yana shan shayi. Ya sa aka kawo musu, ya tambayi Mastura, ya tambayi hannu.

"Hannu da sauƙi, Sidi. Maganar takarda ce."

"Ai na so, ya Hajji. Amma takarda ta ce mai shara. In suka ce ka riƙe tsintsiya a gabansu fa? Ka san ni ba na yi wa hukuma ƙarya."

Barakatu ta ajiye kofinta da ƙarfi. "Baffa, a aikin wa yatsan ya tafi? Ko mu je mu faɗa musu?"

Sidi ya dube ta da tausayi. "Je ki, 'yata. Ki ce mijinki ya yi shekara da shekaru yana ƙera harsashi a ɗakinki, kusa da shimfiɗar 'yarki. Ni mai yadi ne. In sun zo za su sami yadi. Shi ke nan, ku sha shayinku kada ya huce."

Na'ibi ya shanye nasa, domin ba a bar wa babba shayi a kofi.

Ya zaga Bab Makka yana neman wani kafilin. Duk wanda ya ga hannun sai ya yi masa addu'a mai tsawo. Da ta tabbata dole ya bar ƙasar, Barakatu ta ce za ta bi shi, ya ce a'a. Takardarta ita ce kaɗai abin da Mastura za ta gada, kuma ba abin da ke jiransu a Gadarif sai maƙerar da ba zai iya riƙe gudumarta ba.

A tashar jiragen ruwa, ranar da zai shiga jirgin Bur Sudan, ma'aikacin ya tura masa tawada ya dangwala. Ya miƙa hannun dama. Mutumin ya duba, ya nemi na hagu.

"Me ya sami wannan?"

Na'ibi ya waiwaya. Barakatu da Mastura suna tsaye bayan shinge, kuma a garin za su ci gaba da zama.

"Risho," ya ce.

Ma'aikacin ya girgiza kai, ya buga hatimi. "Ku ba kwa jin magana. A riƙa kai shi wurin masu gyara, ya Hajji. Na gaba!"