Munduwar Baba Kafinta

Ƙusa ta bakwai ce a kan guntun ƙarfen, a lanƙwashe. Baba Kafinta ya danne ta da yatsa, ya sauke mata guduma sau biyu, ta miƙe, ya jefa ta cikin gwangwani. Tun yana ɗan koyo ba ya karya kumallo sai ya miƙar da tsofaffin ƙusoshi goma. Yau dai hannun yana yi masa gardama, domin ɗansa na zaune a falo tare da wata baƙuwa, kuma maganarsa ce ta kawo su.

Rabin ƙofofin layin nan shi ya yi su. Rufin gidan ma shi ya ɗora, yana sama, matarsa na ƙasa tana miƙo masa kwano tana yi masa faɗan kada ya faɗo ya bar ta da jariri. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Tun daga nan jaririn, wanda yanzu ya fara furfura, yake roƙonsa ya koma wurinsa, a wani gari mai tafiyar awa uku, ɗaki a saman bene, taga tana kallon bangon wani. Baba ya ƙi. Aka yi sulhu a kan munduwa, wata baƙar na'ura da ake ɗaurawa kamar agogo. In mai ita ya faɗi, sai ta kira wayar ɗan, su yi magana ta cikinta. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da ya faɗi, a haɗa kaya.

A wata guda ta kira sau tara. Sau tara Baba ya ce, "Lafiya lau, ƙarya take." Har suna ya sa mata, Magulmaciya.

Ya wanke hannu ya shiga falo. Baƙuwar ta durƙusa ta gaishe shi. Injiniya ce, tana cikin waɗanda suka ƙera munduwar, ga kwamfuta a cinyarta.

"Ashe ke ce uwar Magulmaciya," in ji Baba. "Ba ki yi mata tarbiyya ba."

"Shi ya sa na zo bin sawu, Baba."

Ɗan bai yi dariya ba. "Ko dai na'urarku ba ta da kai, ko Baba yana ɓoye mini. Yau nake so in sani. Na riga na share ɗakin."

Ta duba allon. Ta tambayi Baba a wane hannu yake ɗaura ta. Ya ce dama. Ta tambayi abin da yake yi da ƙarfe bakwai na safe. Da ya faɗa mata, ta rufe baki da tafin hannu.

"Mun gwada ta a kan mai tafiya, da mai zama, da mai barci. Ba wanda ya tuna cewa tsoho na iya riƙe guduma. Yallaɓai, don Allah ɗauko mana gudumar mu gani."

Ɗan ya fita zuwa rumfar aikin Baba da ke bayan gidan. Da ƙarar takalminsa ta yi nisa, sai ta juyo da allon wajen Baba, ta rage murya.

"Takwas daga cikin kiran nan da safe ne, duk lokaci ɗaya. Wannan kuwa ranar Alhamis ce, ƙarfe biyu na rana. Bugu ɗaya. Bayansa minti arba'in hannunka bai ɗaga ba."

Baba ya kalli layin da ke kan allon, shimfiɗaɗɗe kamar katakon da aka goge. Ya san shi. Santsin banɗaki ne, da sanyin siminti a kumatunsa, da famfo yana ɗiga kusa da kunnensa. A kwance ya amsa kiran ɗansa, ya daidaita murya kamar mai shan iska a kujera. Daga baya ya ja jiki, ya kama bokiti, bokitin ya kife, ya kama bakin ƙofa.

"Me ya hana ka ce a zo, Baba?"

"'Yata, wa kuka sa ta kira? Wanda zai ɗauke ni. In ɓera ya faɗa rijiya, kyanwa zai yi wa ihu?"

Ta mai da allon wajenta. Sannan ta ce, "Ba zan goge shi ba. In ya tambaye ni kuma, ba zan yi masa ƙarya ba."

Takalmin ya dawo. Ɗan ya tsaya a tsakiyar falo, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Takwas guduma ce," in ji Baba. "Ɗaya ni ne. A banɗaki."

"Ranar da ka ce mini kana cin abinci?"

"Ranar."

Ɗan ya zauna a hannun kujera. 

"Mun yi sharaɗi, Baba."

"Mun yi. Ni na karya. Amma a ɗakin benenka ma akwai banɗaki, kuma kai kana ofis."

Injiniyar ta ce akwai abin da za ta iya gyarawa kafin ta tashi: munduwar ta fara kiran na kusa, wanda Baba ya zaɓa da kansa, sannan ɗan. Baba ya ce mai shagon da ke jikin katanga, ƙafarsa da sauri, bakinsa da nauyi. Bangon banɗakin kuma yana son ƙarfen riƙewa biyu, ƙasa tana son tabarmar roba.

Ɗan ya daɗe yana murza goshi.

"Wata ɗaya," ya ce. "In ka sake cewa lafiya lau kana kwance a ƙasa, ba zan tambaye ka ba, mota kawai za ka gani."

"Na ji."

Baba ya yunƙura. Gwiwa ta ƙi a karo na farko. Ɗan ya miƙo hannu, Baba ya kama ba gardama, ya miƙe, ya saki. Ya ce bari ya je ya auna bangon tun da ido, ya fita a hankali, yana dafa kujera.